Kuɗin Haya Ba Ya Sayen Maƙwabci

Kowane babban birni yana da unguwar da talaka yakan rage murya idan ya shiga cikinta. A Yamai, babban birnin Nijar, Filato ke nan. Titunanta masu faɗi ne, manyan itatuwa sun yi musu rumfa, katangun gidaje dogaye, furanni suna leƙowa ta bisansu. Ba ka jin amon turmi da asuba, ba ka ganin yara suna tsere a ƙofar gida. Mai wucewa yakan ce a ransa, waɗanda ke kwana a nan sun gama da wahalar duniya. Ni ɗan haya ne a wannan unguwa tun shekarar 2019, ba kuwa don ina da dukiya ba. Samarin da suka soma samun albashi mai kauri sukan tambaye ni ko su ma su taso su dawo nan. Amsar ba ta fita da kalma ɗaya. Shi ya sa na ga ya kyautu in rubuta abin da kuɗin haya ya saya mini, da abin da ya kasa saya, mai karatu ya auna da kansa.

Da farko ya kamata a san yadda unguwar ta samu. A shekarar 1926 Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulkin Nijar daga Damagaram suka kawo ta Yamai, a zamanin gwamna Jules Brévié. Da suka zo shata gari, sai suka zaɓi tudun da ke kallon kogin Isa, inda iska ke kaɗawa, ruwa kuma ba ya kwanciya, suka gina gidan gwamna da ofisoshi da gidajen ma'aikatansu. Filato a bakinsu tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai. Ƴan ƙasa kuwa aka ba su wancan gefen kwarin Gunti Yena, domin kwarin ya zama iyaka tsakanin mai mulki da wanda ake mulka. Da aka sami ƴancin kai a 1960, ministoci da manyan ma'aikata suka gaji gidajen. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 ya ƙara gine-gine, ƙungiyoyin agaji da fari ya jawo suka ƙara yawan masu haya. Daga baya wasu unguwannin masu hali suka tashi, irin su Kwara Kano, wadda sunanta da Zabarmanci ke nufin gari mai daɗi. Amma halin da aka haifi Filato da shi yana nan: an yi ta ne domin mutum ya zauna nesa da jama'a.

Kafin in zo nan, shekara tara na yi a Bukoki, kusa da kasuwar Katako. Daga ƙasar Maraɗi na zo da takardar aikin lissafi, na kama ɗaki guda irin wanda ake kira antire-kushe, wato shiga ka kwanta. Da na yi aure muka koma ciki da falo a cikin gidan. Iyali bakwai ne muke zaune, fanfo ɗaya, makewayi biyu, mitar wuta ɗaya wadda kowane ƙarshen wata sai an yi gardama a kan rabon kuɗinta, ana ƙirga ƙwayayen lantarki da fankokin kowane ɗaki. Jika 35 nake biya a wata. Akwai Zabarmawa, akwai Hausawa, akwai Bayarabe mai gyaran rediyo, da wata tsohuwa ƴar Togo mai tuyar ƙosai. Hayaniya ba ta ƙarewa, asirin kowa kuma a tsakar gida yake. Duk da haka ba a kulle ɗaki don za a je kasuwa. Idan matata ta yi latti a makarantar da take koyarwa, kafin ta iso ɗanmu ya riga ya ci ya ƙoshi a ɗakin wani. Ba wanda ya taɓa kawo mana takardar biya a kan wannan.

Abin da ya tashe mu ciwon mahaifiyata ne. Ciwon sukari ya kama ta, ya buɗe mata miki a ƙafa wanda ya ƙi warkewa, ƙannena suka kawo ta Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Likita ya gindaya abu uku: a riƙa wanke mikin a asibiti kowane kwana biyu, allurar insulin ta zauna cikin sanyi, ita kuma kada zafi ya galabaitar da ita. Wanda ya san bazarar Yamai, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, wuta kuma ana ɗauke ta dare da rana, ya san ɗakin kwano a Bukoki ba zai iya da waɗannan sharuɗɗa ba. Babban asibitin ƙasa kuwa yana gefen Filato. A lokacin ina riƙe da lissafin wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje. Ni da matata muka zauna da alƙalami dare biyu, muka ga idan muka jingine ginin filin da muka saya a bayan gari, za mu iya ɗaukar hayar. Uwa ɗaya ce, fili kuwa ba ya gudu.

Neman gida a Filato sai da dillali. Mun kuma faɗa a lokacin tsada, gama birnin yana shirin taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, ana ta gina manyan otal-otal, masu gidaje kuma kowa ya ɗaga hanci. Dillalin da aka haɗa ni da shi yakan karɓi kuɗin gani a kowace ƙofa, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Tambayarsa ta fari ita ce inda nake aiki. Ta biyu kuwa ta fi ba ni mamaki.

"Yallaɓai, ku nawa ne?"

Na ce, "Ni da iyalina da yaro ɗaya, sai tsohuwata."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, baƙi fa? Ka san mutanenmu. Yau mutum huɗu, gobe goma sha huɗu. Kada ka ji haushi, masu gida sun fi son Turawa."

Ya kuwa bayyana mini dalili ba tare da kunya ba. Bature ƙungiyarsa ce ke biya masa, wani lokaci shekara guda gaba ɗaya. Ba ya daka, ba ya ɗaure rago, ba ya tara jama'a, bayan shekara biyu ya tafi a ƙara wa na bayansa kuɗi. Ashe a ƙasar haihuwata sai na kawo shaidar cewa zan iya zama kamar baƙo kafin a ba ni ɗaki.

Bayan mako uku muka sami wuri a wani bene da aka raba sassa shida, irin wanda ake kira apartama. Namu na ƙasa ne, saboda ƙafar Inna ba ta hawan matakala: ɗaki biyu, falo, madafi, makewayi biyu. Jika 250 a wata. Wato hayar wata ɗaya a nan ta biya wata bakwai a Bukoki, ta kuma fi albashin ma'aikata takwas, gama a lokacin mafi ƙarancin albashi bisa doka sefa 30,047 ne. Kafin a miƙo mabuɗi sai da na ajiye kuɗin jingina na wata uku, na biya wata uku gaba, na ba dillali wata guda. Miliyan ɗaya da jika 750 suka fita a yini ɗaya, ban da jika 30 na kowane wata domin mai gadi da shara da man injin wuta, wanda muke kira gurup.

Takardar yarjejeniya shafi huɗu ce da Faransanci. Na karanta ta layi-layi, gama aikina ke nan. Ba a daka a turmi. Ba a kiwon dabba. Ba a hura gawayi a baranda. Ba a yin taro a harabar gida. Baƙo ba ya wuce mako biyu sai da sanin wakilin mai gida. Sa'an nan wakilin ya zaga da ni ɗaki-ɗaki yana rubuta lafiyar kowane fanfo da kowace taga, domin ranar tashi a cire kuɗin abin da ya lalace daga jinginata. Mai gidan kansa, wani babban ɗan kasuwa, ban sa shi a ido ba. Na san abin da na sa wa hannu, na kuwa sa da saninsa.

Ba zan ɓoye alherin wurin ba, gama wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wuta ba a cika ɗauke ta ba, idan an ɗauke gurup ya tashi. Maganin Inna ya zauna lafiya a firigo. Ruwa yana zuwa har ɗaki, ba mu jiran ƴan ga-ruwa. Asibiti tafiyar ƴan mintoci ce. Cikin wata biyar mikin ya rufe, ƙafar da aka yi tsoron za a yanke ta taka ƙasa. Ko da wannan kaɗai kuɗin ya saya, ban yi asara ba.

Sai dai akwai wani lissafi da ba ya cikin takarda. Duk abin da maƙwabci ke bayarwa kyauta a Bukoki, a nan yana da farashi. Can idanun mutum ashirin ke tsaron ɗakinka, nan sai ka biya mai gadi. Can kowace mace uwar ɗanka ce, nan sai ka ɗauki mai reno. Can akan ari tsani, a ari babbar tukunya, a aiki yaro ya karɓo gishiri, nan ko albasa ta yanke sai an hau tasi. Maƙwabtanmu na bene su ne wata Baturiya ma'aikaciyar jinya, da wani Balabanise ɗan kasuwa, da samari biyu ma'aikatan banki, da wani mutumin gabashin Afirka mai aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba mugayen mutane ba ne. Idan an haɗu a ƙofa akan yi murmushi a gaisa da Faransanci. Amma kowa ya san zamansa na ɗan lokaci ne, wanda kuwa zai tashi gobe ba ya dasa itace.

Dangi ma suka soma ja da baya. Ƙa'idar gidan ita ce duk wanda ya zo sai mai gadi ya tambayi sunansa, ya shigo ya faɗa, sa'an nan a ba shi hanya. Wani kawuna ya zo daga ƙauye duba ƴar'uwarsa, ya tsaya a rana har aka yi wannan kai da kawo. Da ya shigo ya ƙi zama a kujera, ya ce, "Gidan da sai an nemi izini kafin a gai da ƴar'uwa, wannan ofis ne." Waɗanda ba su zo ba kuwa suka ji an ce wane yana Filato, sai buƙatu suka ninka, alhali aljihuna bai taɓa yin fayau kamar lokacin ba. Da aka haifa mana ƴa mace a ƙarshen shekarar, a tsohon gidanmu na Bukoki muka yi suna, tsohuwar nan ƴar Togo ce ta tsaya a kan tukwane.

Inna ce ta fi jin nauyin shirun. Ni ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunana. Wata rana da yamma ta dube ni ta ce, "Kai, wannan unguwa taku, mutane ba su mutuwa ne? Wata uku ban ji an yi shelar rasuwa ba, ban ji guɗar haihuwa ba." Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Da ƙafar ta yi sauƙi sai ta sa aka fitar mata da kujerarta ƴar tsugunne zuwa bakin ƙofar gida, gefen bencin mai gadi. Daga kan wannan kujera ta gano mana wata Filato ta biyu.

Ashe unguwar cike take da mutane. Kowace katanga tana da mai gadi, Buzaye da mutanen ƙasar Tawa da Filinge da Dogon Dutsi. Akwai kuku-kuku, da masu ban ruwan furanni, da direbobi, da masu wanki da guga. Wasu suna kwana da iyalansu a ɗan ɗakin bayan gida, wasu sun kafa bukkokin zana a filayen da masu su ba su gina ba tukuna, suna tsaron filin a bakin kuɗin zama. A gindin itacen kusurwa akwai mai shayi, da rana mata sukan kawo dambu da kwabto domin masinjojin ofisoshi, da dare samari su kafa fada suna dafa shayi har tsakar dare. Waɗannan mutane sun san juna sarai. Suna da adashensu, suna zuwa sunan juna, idan ɗaya ya rasu sukan haɗa kuɗin motar kai shi gida. Akwai mutuwa da haihuwa a Filato, sai dai labarin ba ya tsallake katanga zuwa falo.

Ba a yi wata biyu ba kowa ya san Inna. Ita ke dama fura ta aika wa Baba mai gadinmu, wani dattijon Buzu wanda ya fi shekara ashirin yana gadi a unguwar. Ita ta tsaya a kan wankan jegon matar wani mai gadi, yarinya ƙarama wadda uwarta ke nesa. Ita ke raba gardamar mai shayi da masu cin bashinsa. Ta kuma kafa mana doka biyu a gida. Duk abin da aka dafa, kwano ɗaya na bakin ƙofa ne. Ni kuma idan na fito da babur, in tsaya in ba kowa hannu in tambayi iyalinsa, ko da na makara. Ta ce zumunta a ƙafa take, ba ta san unguwar masu kuɗi ba. Na shiga adashensu, jika biyu a mako, su kuma suka riƙa kawo mini takardun da ba su iya karantawa.

Amfanin wannan ya soma bayyana a damanar 2020. A shekarar kogin Isa ya cika fiye da yadda aka saba gani, ya karya madatsu, ruwa ya ci unguwannin ƙetaren kogi. Ƙanwar matata da mijinta da ƴaƴansu huɗu suna Harobanda, gidansu na laka ya zube. Suka tsallako gadar Kennedy da ƙullin kaya a kai. Tudun da Faransawa suka zaɓa ya yi aikinsa, ko ɗigo bai shigo mana ba, muka shimfiɗa tabarmi a falo. Mako biyu ya wuce, na aika wa wakilin mai gida da takarda kamar yadda yarjejeniya ta ce. Bai amsa ba, sai ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa yana tambayar Baba mai gadi mutum nawa ke kwana a sashenmu. Dattijon ya gyara rawaninsa ya ce, "Alhaji, ni ban ga baƙi ba. Ƴan gida na gani, ruwa ya koro su." Wakilin ya dubi masu gadin da suka taru suna saurare, ya shiga motarsa ya tafi. Mako biyar suka yi, ba a ƙara tada zancen ba.

Babban gwaji ya zo a watan Agustan 2021. Aiki ya kai ni Tawa. Wajen ƙarfe biyu na dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sukarin Inna ya faɗi ƙwarai, ta jiƙe da gumi, ba ta gane kowa. Matata ta hau bene da gudu ta buga ƙofa biyu. Baturiyar tana hutu a ƙasarsu. Ɗaya ƙofar kuwa ba a buɗe ba, ban kuma ga laifin mutumin ba, gama masu aikinsu sun hana su buɗe wa kowa da dare. Baba mai gadi ne ya busa usur. Kafin a ce me, masu gadi uku sun iso. Mai shayi ya ruga ya tada wani direban tasi da ke kwana cikin motarsa kusa da fada. Yarinyar nan da Inna ta yi wa wankan jego ta shigo ta zauna da ƴaƴanmu. Suka ɗauki tsohuwa cikin bargo, ba a yi minti ashirin ba tana hannun likita. Da na dawo na nemi direban in biya shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Haba yallaɓai, Inna ce fa."

Na daɗe ina tunanin wannan dare. Jika 250 ce ta kawo asibiti kusa da mu, wannan gaskiya ne. Amma tsakanin gadon Inna da ƙofar asibiti akwai ƴar tazara, kuɗin haya kuwa bai iya ɗaukarta ya tsallake da ita ba. Kwanon tuwo da gaisuwar safe ne suka ɗauke ta.

Inna ta rasu cikin sanyin 2022, a kan gadonta, cikin kwanciyar rai. Muka kai ta gida aka binne ta kusa da mahaifinmu. Da muka dawo Yamai muka tarar masu gadi sun share gindin itacen kusurwa, sun shimfiɗa tabarmi, mai shayi ya ɗora tukunya. Kwana uku ana karɓar gaisuwa a bakin titi, mutanen Bukoki suna zuwa ƙungiya-ƙungiya. Baturiyar bene ta kawo furanni da ƴar takarda mai kalmomin ta'aziyya, al'adarsu ke nan, na kuwa gode mata da zuciya ɗaya. Samarin banki suka ga taro suka tambayi abin da ya faru, suka zo suka zauna tare da mu. A ranar na fara sanin garuruwansu, bayan shekara uku muna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya.

Sai ga 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki. A farkon Agusta Najeriya, inda mafi yawan wutar Yamai ke fitowa a lokacin, ta yanke layin, ba a maido ba sai watan Maris na 2024. Gurup ya sha mai har kuɗin wata ya gagara, Filato ma ta ɗanɗani duhu. Sojojin Faransa suka gama fita a watan Disamba, ofishin jakadancinsu ya rufe, na Amurka suka bi baya a 2024, ƙungiyoyi da yawa suka rage ma'aikata ko suka tattara. Allunan neman ɗan haya suka bayyana a ƙofofi. A benenmu sassa huɗu cikin shida suka zama wayam. Ran nan sai ga mai gidan da kansa, karo na fari cikin shekara huɗu. Ya zauna a falona, ya sha ruwa, ya kira ni ɗan'uwa. Ya roƙe ni kada in tashi, ya rage haya zuwa jika 180, ya ɗauki alƙalami ya soke layin da ya yi zancen baƙi. Ɗan ƙasar da dillali ya yi wa kallon matsala ya zama abin riƙewa da hannu biyu.

Ban yi murna ƙwarai ba, gama na ga wanda abin ya fi dokewa. Mai gida ya rasa riba, amma mai gadi da kuku sun rasa aiki da wurin kwana a rana ɗaya. Bature ya hau jirgi, wanda ya yi shekara goma yana buɗe masa ƙofa ya tsaya da tabarma da ƴaƴa a bakin titi. Adashenmu ya koma asusun agaji. Na rubuta takardun neman aiki fiye da yadda zan iya tunawa, biyu suka sami gadi a wata makaranta, wasu muka haɗa musu kuɗin mota suka koma gona. Direban tasin nan ya kwashe kayan iyali uku bai karɓi ko dala ba. A watan Oktoban 2024 aka sauya wa titin Charles de Gaulle suna zuwa Djibo Bakary. Sunayen tituna suna sauyawa, masu haya suna zuwa suna tafiya, amma har yanzu mutum biyu ne a unguwar, mai biya da wanda ake biya, na biyun kuwa shi ne ya san sunan kowa.

To, ɗan'uwana mai karatu, idan kana tunanin kama haya a irin wannan unguwa, a Yamai ne ko a wani birni, ga abin da zan ce maka. Ka tabbata kana da dalilin da ya fi son a ce kana can, gama kayan aro ba ya rufe katara. Ka yi lissafi da alƙalami, ka haɗa jingina da ladan dillali da kuɗin gadi da na mai, ka kuma tambayi kanka ko za ka iya biya idan albashi ya tsaya wata uku. Ka karanta yarjejeniya tun daga farko har ƙarshe, musamman abin da ta faɗa a kan baƙi, gama mu mutane ne masu dangi. Kada ka yanke ƙafa daga tsohuwar unguwarka, ranar suna da ranar makoki za ka neme ta. Bayan wannan duka ka yi wa kanka tambayar da dillali ba zai yi maka ba: idan abu ya faru da ƙarfe biyu na dare, wa zai fito? Idan ba ka san amsa ba, ka soma daga bencin da ke bakin ƙofa. Mutumin da ke zaune a kai yana da suna, yana da gari, yana da ƴaƴa.

Mu kam mun koma kan ginin filinmu na bayan gari, bulo-bulo, gwargwadon abin da ya saura a ƙarshen wata. In Allah ya yarda za mu tare nan ba da daɗewa ba. Wuta a can ba ta da tabbas, hanyar kuma da damana sai a hankali. Da magini ya tambaye ni tsawon katanga, na ce ya yi ta daidai yadda mai wucewa zai yi sallama a ji shi daga tsakar gida. Na kuma sa ya fara da zaure kafin falo. Baba mai gadi ya tsufa, idanunsa sun soma rauni, mun riga mun yi magana da shi: akwai ɗaki guda kusa da zauren, nasa ne.